Tulun Tasalla a Jikin Bango

"Mi kika yi wa ƙasar nan?"

Inna Tasalla ba ta ɗaga murya ba, don ba ta da sauran muryar ɗagawa, amma sai da gaban Zuwairatu ya faɗi. Tsohuwar tana zaune a tabarma, ta jingina da gadon ƙasa, karan shafe da ta ɗaure wa auduga a baki yana hannunta. Sau ɗaya ta shafa shi a bango ta tsaya. Jan ya kwanta sumul, kamar fatar da dukawa suka rina.

"Gyara maki ita na yi, Inna," in ji Zuwairatu, kanta a ƙasa. "Na ga duk tsakuwa ce a ciki. Sai na niƙa ta a dutse, na tace da ƙyalle."

"Kamar gasara."

"I, Inna."

"Tsakin fa?"

"Na zubar bayan danga."

Tasalla ta ajiye karan a bakin kasko, ta rufe ido. Daga waje ana jin kukan jakuna, da ƙarar turame da ake mirginawa, da muryar wata mata tana ƙwala wa ɗanta kira ba ta gajiya. Tun da asuba ƙauyen yake haka. Kowa yana ɗaure kaya, kowa yana kwance wanda ya ɗaure don ya manta wani abu. Jiya wani makiyayi ya zo da labarin cewa an ga mahara daga Maraɗi sun shigo Dajin Rugu, mai gari kuma ya ce yau bayan azahar kowa ya kama hanyar Ruma, inda akwai ganuwa da duwatsu. Ba wanda ya yi musu, sai Tasalla.

Gidanta da na su Zuwairatu danga ɗaya ce ta raba su. A ƙuruciyarta ita ce mai adon ɗakin amare, daga Tsaskiya inda aka haife ta har Runka da nan Darini inda aure ya kawo ta. Ita ta yi wa Zuwairatu adon ɗaki da aka kawo ta bara, yarinya mai kunya wadda ba ta san kowa ba a garin, kuma tun daga ranar ba ta da wurin zama da rana sai ɗakin tsohuwar. Tasalla ba ta da kowa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta ɗaya, Armaya'u, mahara suka ɗauke shi a gona yana saurayi, wancan harin da tsofaffi ba su son tunawa. Ta ƙi yarda a yi masa sadakar mutuwa. Kayansa uku suna nan inda suke a gefen ƙofa: akushin tuwonsa, ƙwaryar furarsa da ludayi a kai, da tulun da yake sha, mai ɓantaren baki.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da ita, kuma raɗe-raɗin hari ya fara yawo tun ana yankan gero, sai ta sa Zuwairatu ta shafe mata bangon gabas da farar ƙasa, daga ƙasa zuwa iya gwiwa. Ta zauna tana kallon kayan nan uku tana zana su. Ba irin adon amare ba, mai tsage-tsage da idon zakara. Kayan kansu take zanawa, kamar yadda suke zaune, har da inuwarsu.

"In muka tashi, kayan nan ko a tahi da su ko a farfasa su," ta ce a lokacin. "In ya dawo ya leƙa ɗakin uwarshi, kada ya tarar da bango tsirara."

Ta gama zanen akushin da baƙin yashin da wata Bafillatana ta kawo mata daga rafin Runka. Ta gama na ƙwaryar da rawayar ƙasa. Kowace ƙasa da kaskonta, ba ta taɓa haɗa biyu ba, ruwa ne kawai da ɗan ƙaro. Saura tulun. Kuma ta yi wa Zuwairatu alkawari da bakinta: in tulun ya tsaya a bango, za ta hau jaki a tafi da ita. Shi ya sa Zuwairatu ta tashi tun kafin kaji su sauko, ta ɗauki ragowar jar ƙasar, dunƙule ɗaya tal da ta rage, ta ce bari ta sauƙaƙa wa tsohuwa aiki.

"Matso nan," in ji Tasalla, ta buɗe ido. "Dubi akushin. A'a, ba na ƙasa ba, na bango. Mi kika gani?"

Zuwairatu ta matsa. Daga nesa baƙi ne. Da ta kusanto sai ta ga ba baƙi ɗaya ba ne. Ƙwayoyin yashin sun bi ramukan bango sun zauna, wani wuri sun taru sun yi duhu, wani wuri sun watse fari yana leƙowa ta tsakaninsu, kamar tsohon icen da hannu ya daɗe yana shafa.

"Yanzu dubi jikin tulun, na gaske. Sumul yake?"

"A'a, Inna. Da kaushi."

"To tsakin nan da kika ba kaji shi ne kaushin. Wannan da kika kawo mani ruwan lalle ne. Ko makaho ya shafa ya san ba tulunmu ba ne."

Zuwairatu ta fita da gudu zuwa bayan danga. Kaji sun riga sun tone wurin, sun cakuɗa jan da toka da ƙaiƙayi. Ta durƙusa tana tsinta da yatsu, abin da ta tara bai cika tafin hannu ba, rabinsa ma kashin kaji ne. Tana nan durƙushe mijinta Daudu ya fito da mangala a kafaɗa.

"Ke kuma mi kike nema a juji? Kin ɗaure tukwanen?"

"Saura kaɗan, maigida."

"Tun ɗazu saura kaɗan! Ita tsohuwar ta gama wasan ƙasar tata? Na aro jakin abokina Barau dominta, ga shi can ɗaure yana cin rana."

Ta miƙe da ɗan tsakin a hannu. Ya ajiye mangalar, ya zagaya ta ƙofar gidan Tasalla, ta bi shi a baya. A ƙofar suka haɗu da Malam Salmanu, limamin garin, yana dogara sanda, shi ma ya zo duba maras lafiya. Shi da Tasalla taubasai ne, ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun tsokani juna ba.

"Salamu alaikum. Taubashiya, har yanzu kina nan? Na ɗauka kin riga mu Ruma da gudu."

"Liman, ka shigo a hankali kada rawaninka ya kwashe mani jinka. Ina kwana? Ina gajiya?"

"Lafiya lau. Ya ƙarfin jikin?"

"Da godiya."

Daudu ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ta, ya tambayi jiki, sannan ya ce, "Inna, don Allah ki taimake mu. Mutane sun fara fita. Bango ba ya gudu, in an dawo kya ƙarasa."

"Wa ya ce maka zan dawo, Daudu?"

Daudu ya juya ga liman. "Malam, wannan zanen ma, ya halatta kuwa? Na ji ana cewa..."

"Mai rai aka hana," in ji Malam Salmanu, yana leƙa bangon da ido ɗaya a kanne. "Tulu ba shi da rai. Akushi ma ba shi da shi, sai in da tuwo a ciki. Kai, wallahi kamar in sa hannu. Taubashiya, ba ki zana miya ba?"

"Kai ko a bango aka zana miya sai ka lashe."

Liman ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don ya ga yadda ƙirjinta ke hawa da sauka. Ya yi mata addu'a, ya tofa, ya ja Daudu suka fita. Zuwairatu ta ji shi yana cewa a hankali, "Ku bar ta. Wannan ko kun ɗora ta a jaki, ban ga ta kai Ruma ba."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta koma ciki ta durƙusa kusa da tsohuwar.

"Inna, ina ake samo jar ƙasar nan?"

"Kwantar da hankalinki, ɗiyata. An riga an yi."

"Ina ake samo ta?"

Tasalla ta dube ta, ta dubi ɗan cikin da ya fara turo zane. "Ba inda za ki. Wajen yamma ne, bakin daji."

"Kwazazzabon da ake wanki?"

"Gaba da shi. Inda kanya ta faɗi, ƙarƙashin saiwarta. Ba ta saman ba, wannan laka ce. Ta ƙasa, mai ƙyalli in rana ta doke ta." Sai ta ankara da abin da ta yi, ta kama bakin zanen yarinyar. "Na ce ba inda za ki. Kin ji ni?"

"Na ji, Inna. Ruwa zan ɗebo maki."

Ta ɗauki ƙwarya da guntun sakaina, ta fita ta bayan gida inda Daudu ba zai gan ta ba.

Hantsi ya yi. Hanyar ta bi ta cikin gonakin dawa da ba a yanke ba, kara ya fi ta tsawo ta ko'ina, ba ta ganin komai sai sama. Kullum hanyar nan cike take da mata masu zuwa wanki, yau ba kowa. Duk motsin ganye sai ta waiga. Ta yi sauri, ta tuna da cikinta ta rage, ta tuna da ƙirjin Tasalla ta ƙara. Wasu kurciyoyi suka tashi fir daga gefen dama, ta tsaya cik har sai da ta ji jinin kunnenta yana bugawa, sannan ta ci gaba.

Kwazazzabon yana da sauran ruwa siriri a tsakiya. Ta sauka, ta bi yashi ta wuce duwatsun wanki, ta wuce inda ƙafarta ta taɓa kaiwa. Can ta hango kanyar a kwance, saiwoyinta a sama kamar yatsun hannu. Ta shiga ƙarƙashinsu ta fara tono da sakaina. Ta saman laka ce, kamar yadda aka faɗa mata. Ta kwashe ta, ta ci gaba, sakainar ta karye, ta koma da farce. Sai ga ta: ja mai duhu, mai nauyi, da ta juya dunƙulen a rana ƙananan ƙwayoyi suka yi wal-wal a ciki.

Ta cika rabin ƙwarya. Ta juya za ta wanke hannu a ruwan, sai ta ga sawun.

Kofaton dawaki ne, ba ɗaya ba, sun ƙetare yashin daga wancan gefen suka koma. A duk Darini doki ɗaya ne, na mai gari, shi kuma yana turke tun jiya. Ta tsaya tana kallon rami ɗaya da ke kusa da ƙafarta. Ruwa bai gama cika shi ba, yana tsattsafowa a hankali daga ƙasa.

Ba ta wanke hannun ba. Ta ɗora ƙwaryar a ka ba gammo, ta haye gaɓa, ƙaya ta kama zanenta ta fizge, ta shiga cikin dawa. Ba ta yi gudu ba, don kada kara ya yi ƙara. Tana tafe tana karanta abin da ta iya, tana dafe da ciki da hannu ɗaya. A tsakiyar gonaki ta ji tafiyar mutum a gabanta, mai sauri, tana nufo ta. Ta laɓe cikin kara.

Daudu ne, da baka a hannu, kwari a kafaɗa, zufa ta jiƙa masa riga. Ya tsaya ya dube ta, ya dubi hannayenta jajaye har gwiwa, ya dubi ƙwaryar. Ta jira faɗa.

"Da sun ɗauke ki," ya ce, "mi zan je in ce wa uwarki? In ce ƙasa kika tahi ɗiba?"

"Akwai sawun dawaki a rafi, maigida. Sabo. Gaba da wurin wanki."

Ya sauke ƙwaryar daga kanta ya riƙe da kansa, ya sa ta a gaba. Haka suka tafi har bakin gari. Nan ya miƙa mata ƙwaryar ya nufi gidan mai gari da gudu, kuma kafin ta kai ƙofar Tasalla ta ji an fara shela: ba a jiran azahar, kowa ya fita yanzu.

Tasalla ta zame daga jikin gadon, tana kwance a gefe ɗaya, fuskarta wajen bango. Da ta ga ƙwaryar ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma yi godiya ba. Ta miƙa yatsu biyu ta murza ƙasar, ta kai kusa da kunne kamar mai sauraron wani abu.

"Ita ce," ta ce. "Ja'ira. Tashe ni."

Zuwairatu ta tashe ta, ta tokare ta da kafaɗa.

"Fara shafe wancan ruwan lallen da farar ƙasa. Yawwa. Wanke kaskon, kada ki bar ko ɗigo. Yanzu murmushe ta da hannu, hannu kawai, in na ga kin dubi dutsen niƙa sai na tsine maki. Zuba ruwa. Ƙara. Ya fi haka, so nake ta yi ruwa-ruwa kamar farau-farau. Ƙaron yana cikin ƙoƙo. Kaɗan! Ba kunu kike damawa ba."

A waje garin yana tashi. Shanu suna wucewa, ƙasa tana girgiza kaɗan-kaɗan, ruwan kaskon yana rawa. Wata mata ta leƙo ta kan danga ta ce, "Zuwairatu, ke ba ki ji shela ba?" ba ta kuma tsaya jin amsa ba. Zuwairatu tana aiki tana kallon ƙofa. Farar ƙasar da ta shafa ta ƙi bushewa da wuri, ta ɗauki faifai tana fifita ta.

Da ta sha iska, Tasalla ta karɓi gashin zabo, ta tsoma, ta kai bango. Ta dubi tulun na gaske ta daɗe, kamar ba ta taɓa ganinsa ba, sannan ta ja zane ɗaya daga wuya, ya zagayo ciki, ya sauka gindi. Ta huta. Ta ja na ɗaya gefen. A baki ta karya zanen, ta yi ɗan lungu.

"Inna, nan ya karkace. In gyara?"

"Ɓantaren ne. Shi ya yi shi, da sandar kiwo, yana yaro. Na bi shi da muciya har gidan liman." Ta yi tari mai tsawo. Gashin ya faɗi daga hannunta a kan tabarma. Ta dube shi, ba ta yi ƙoƙarin ɗauka ba. "Sauran naki ne."

"Ni? Inna, ban iya ba. Ni na ɓata na farko."

"To wa zan kira, liman? Ɗauki karan. Jiƙa cikin zanen da ruwa zalla tukuna, kada ya ƙetare. Ga can kafaɗar tulun, kin ga inda hasken ƙofa ya zauna? Nan kada ki jiƙa, kada ki taɓa, bar shi fari. Yanzu juya kaskon sau ɗaya, ki ɗebo daga ƙasa, inda tsakin yake. Fara daga wuya. Ki sauko. Kada ki koma inda kika wuce."

Zuwairatu ta shafa. Jan ya shiga jiƙaƙƙen bangon ya bazu da kansa, ya fi hannunta sauri. Ta ɗebo ta ƙara, ta sauko ciki, ta zagaye farin kafaɗar, ta kai gindi. Tasalla ta sa ta ƙara ɗebo mai kauri ta ɗiga a gefen da ba haske, ta ja ɗan kaɗan a ƙasa wajen inuwa. Shi ke nan.

Ta ja da baya ta duba, sai hawaye suka cika mata ido. Ba tulu ba ne. Taɓo ne ja, jiƙe, mai dabbare-dabbare, wani wuri ya taru wani wuri ya tsinke, kamar inda aka yanka akuya.

"Na sake ɓatawa. Bari in daidaita shi, nan kawai..."

Ta kai karan. Tasalla ta kama wuyan hannunta. Ba ta san tsohuwar tana da sauran ƙarfi haka ba.

"Bari ƙasar ta kwanta."

"Inna, dubi nan fa."

"Na ce bari. Ita ta san inda za ta zauna. Ke dai kin cika gaggawa, komai sai kin tace shi."

Daudu ya iso ƙofa da jakin, yana haki. "Ku fito! An kusa watsewa, saura mu da gidan liman." Ya leƙo, ya gan su zaune su biyu suna kallon bango, hannun ɗaya cikin na ɗaya. Ya koma ya tsaya riƙe da igiyar jakin, yana ɗaga ƙafa yana saukewa, yana kallon yamma.

Suka jira. Ƙarar garin ta yi nisa, ta koma can wajen hanyar Ruma. Wani zakara da aka manta ya yi cara. Kan Tasalla yana kan kafaɗar Zuwairatu, numfashinta yana fita da ɗan sauti kamar ana jan zare a ƙyalle. Ta yi salati a hankali, Zuwairatu ta taya ta, idonta bai bar bangon ba.

Daga wuya ya fara. Ƙyallin ruwan ya janye, jan ya yi haske, sai ƙwayoyin suka fito. Sun bi kowane ɗan rami na bangon sun zauna, manya a ƙasa, ƙanana a sama, suka bar fari-fari a tsakani. Inda ta ɗauka ya tsinke, nan cikin tulun ya kumburo. Inda ta ɗauka ya taru, nan ya juya ya shiga inuwa. Farin kafaɗar ya zama haske. Har wani duhu-duhu ya fito a gindi, daidai inda na gasken yake tsattsafar da ruwa.

"Inna! Inna, dubi. Ya tsaya."

Hannun yana nan riƙe da nata, amma ya yi nauyi. Ta daina jin zaren nan da ake ja. Ta juya a hankali. Idanun Tasalla a buɗe suke, suna kallon bangon. Zuwairatu ba ta san ko sun gani ba.

Ta daɗe kafin ta iya kiran mijinta.

Malam Salmanu bai tafi ba, da ma ya ce ba zai fita ya bar taubashiyarsa a baya ba. Matarsa Hansai ta zo, ita da Zuwairatu suka yi wa gawar wanka da ruwan da ya rage a tulun. Likkafanin yana nan a naɗe cikin jakar fata a ƙarƙashin gado, Tasalla ce ta saƙa abinta tun da daɗewa. Daudu da Barau da ɗan liman suka haƙa kabari a gefen na mijinta, suna haƙa suna ɗaga kai suna duban daji. Mutum huɗu suka yi mata salla. Muryar liman ta karye a kabbara ta ƙarshe, ya gyara ta da tari.

Da suka dawo rana ta karkata. Can yamma, bayan gonaki, hayaƙi ya tashi siriri daga wani wuri da ba a saba ganin hayaƙi ba. Barau ya ce su tafi, su tafi yanzu. Zuwairatu ta shiga ɗakin ta ɗauko akushin da ƙwaryar ta sa a mangala, ta naɗe tulun da tabarmar tsohuwar, Daudu ya ɗaure shi a bayan jakin, inda ya shimfiɗa tsumma tun da safe don mai hawa.

"Mu je," in ji Barau.

"Ina zuwa," in ji Daudu.

Ya koma ciki. Ya tsaya gaban bangon, baka a hannu, yana kallon zanen. Sannan ya ɗaga kai ya dubi jinka, ya ga inda haske ke shigowa ta wata ɓula daidai saman zanen. Ya fita ya zare zana ɗaya daga dangar gidansa, ya taka turmi ya hau, ya shimfiɗa ta a kan ɓular, ya soke ta da itace ta kusurwa huɗu. Barau yana ta kiransa daga bakin hanya.

Zuwairatu ce ta ƙarshen fita. Ta kife kaskon nan uku a gefen gado, ta ajiye ragowar jar ƙasar kusa da su cikin ƙwarya. Ta jawo tufaniyar ƙofa za ta rufe, sai ta tsaya. Ranar yamma ta shigo ta gefenta ta kwanta a ƙasan bangon gabas. Akushi, ƙwarya da ludayi, da tulu mai ɓantaren baki, suna zaune a jere, kowanne da inuwarsa. A gindin tulun akwai wuri ɗaya, bai fi tafin yaro ba, da bai gama bushewa ba.

Ta rufe ƙofar, ta ɗaure igiyar sako-sako, irin ɗaurin da Tasalla ke yi in za ta rafi, wanda ɗan gida ke kwancewa da yatsa ɗaya.